Tukunyar Burduddugi Zuwa Zongon Kwatano

Ana sallame sallar asuba muka bar ƙauyenmu da ke kusa da Gaya ta bakin kogin Kwara, ni da taubashina, ɗan gwaggona. Shi yana ɗauke da jarkar ruwan tabki, ni kuma na rungume tukunyar ƙasa da aka rufe bakinta da jiƙaƙƙen buhu. Waɗanda suka gan mu a tasha sun ɗauka magani za mu kai wa wani mara lafiya. Da yawanku kun dame ni da tambayar me ya kai ni Kwatano a tsakiyar damina, ina malamin gona, lokacin da manoma suka fi nemana. To ga amsa. Kwaɗi na kai, burduddugi uku, duka maza. Ku yi dariyarku ku gama, ni ma na yi tawa kafin in tafi.

Ga wanda bai sani ba, burduddugi shi ne babban kwaɗon nan na tabki mai santsin baya, ba mai ƙurajen da ke shigowa tsakar gida ba. Muna yara, in ruwa ya sauka, a bakin tabkin garinmu sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, saboda kukansu. Daga baya 'yan kasuwa suka fara zuwa daga kudu suna saye. Aka shiga kamawa, ana farkewa, ana banda, ana ɗurawa a buhu. Mu ba ma ci, ko in ce ba ma ci a gaban mutane, amma sayarwa kam mun iya. Namiji shi ke kuka yana kiran mace, kukan nan kuwa shi ke tona masa asiri, shi ya sa maza suka fara ƙarewa.

Kawu Salifu, ƙanen mahaifiyata, tun yana saurayi yake Zongon Kwatano. Ya koyar da ilimin halittu a wata makarantar kuɗi har ya ajiye aiki. Wata shekara ya zo ganin gida, ya zauna a bakin tabki da yamma, shirun da ya ji ya hana shi sukuni. Ya kwashi wasu ya tafi da su, da niyyar ya kiwata su a gidansa, su hayayyafa, ya riƙa dawo da 'ya'yan. Bara ciwo ya shiga cikinsu ya kashe masa maza duka, ya bar shi da mata biyar. Da ruwan bana ya zauna ya kira ni a waya. Ya ce matan sun cika da ƙwai, kuma sun tsufa, in wannan damina ta wuce ba namiji to irin ya yanke a hannunsa. Ya ce na tabkinmu yake so, ba na wani wuri ba. Na yi ta bin masu kamu ina roƙo kafin su kai wuƙa, da ƙyar na haɗa ukun nan da rai.

A gadar kogin Kwara wani ma'aikacin iyaka ya ce in buɗe tukunya. Ya leƙa, idanu shida suka leƙo shi. Ya ja da baya ya ce, "Na ci ne?" Taubashina ya ce, "A'a ranka ya daɗe, angwaye ne, aure za mu kai su." Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira abokin aikinsa ya gani, suka ce mu wuce Allah ya ba da zaman lafiya.

Dariyar ba ta raka mu nisa ba. A kasuwar Malanbil, bayan layin albasa da na shinkafa, muka ratsa layin masu bandar kwaɗi. Ga su nan tuli-tuli a kan tabarmi, baƙi ƙirin, ƙafafu a miƙe, mata 'yan kudu suna juyawa suna ciniki. Ban san adadinsu ba, amma abin da na gani a tabarma ɗaya ya fi abin da ya rage a tabkinmu. Na ƙara ja wa tukunya buhu kamar na ciki za su gani. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba ni da wanda zan yi wa faɗa, domin wasu daga cikin masu tabarmin mutanenmu ne, har mun gaisa.

Babbar mota ta ƙi ɗaukar mu da tukunya, sai muka shiga wata tsohuwar fijo da aka cusa mu kamar goro a huhu. Hanyar Kandi gonakin auduga ne hagu da dama, sai manyan motocin shanu da na albasa da ke tura ƙaramar mota gefe. Dama Kawu ya gargaɗe ni a waya da abu biyu: kada buhu ya bushe, kada kuma in zuba musu ruwan famfo, don maganin da ke ciki yana shiga ta fatarsu. Duk inda aka tsaya sai in yayyafa ruwan jarka. Wata tsohuwa da ke gefena ta tambayi abin da ke ciki, da na faɗa mata ta tofa addu'a ta juya mini baya har muka rabu.

Bayan Kandi ƙafafuna suka yi sanyi, cinyata ta mutu. Na ce bari in sauke tukunyar a ƙasan mota in ɗan huta. Barci ya ɗauke ni. Ashe ƙasan motar nan bututun hayaƙi ne a ƙarƙashinsa, ƙarfen ya yi zafin da ba ka iya dafa shi. Da na farka na taɓa gindin tukunya sai na ji ya yi zafi rau. A tashar Paraku na buɗe, biyu sun haye kan buhu suna haki, ƙaramin cikinsu yana ƙasa a miƙe, ya riga ya tafi. Na tona rami a bayan tasha na rufe shi. Taubashina ya tafi neman abinci. Ya sayo mana sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, cukun Fulanin can, abincin da kowa ke yabo, na ci ban ji ɗanɗanonsa ba. Muka kwana wajen wani ɗan Gaya mai sayar da taya.

Washegari tukunya ba ta ƙara barin cinyata ba. Ƙasa ta yi ta ƙara kore, ga duwatsun Dasa, ga mata masu garin rogo a bakin hanya, can gaba kuma abarba uku sefa ɗari biyar, mai zaƙin da ban taɓa sha ba. Lokacin neman ƙuri'a ne, kowace bishiya da hoton ɗan takara. Direba ya kunna rediyo ana ta caccakar gwamnati da Faransanci, fasinjoji suna tayawa, ba mai waiwaye ya ga ko wani na saurare. Wani dattijo ya ce mini da can ko a ɗakinka sai ka rage murya. Na ce masa madalla, hankalina yana kan buhu.

Kwatano ta tarbe mu da hayaƙi da ruwa kwance a tituna. 'Yan zemijan, wato masu acaɓar can, da rigunansu ruwan ɗorawa, sun fi ƙudan zuma yawa, ga fetur a kwalabe a kowace kwana. Na ga yadda suke kurɗawa tsakanin motoci na ce ni da tukunyar nan ba mu hawa. Muka taka. Ana shiga Zongo kunne ya huta, Hausa ko'ina, sai dai rabinta Faransanci ne. Ga masu shayi, ga masu canji, ga ƙamshin tsire, masallaci yana kallon masallaci.

Mun sami Kawu a ƙofar gida, da alama ya daɗe a tsaye. Gaisuwar ma a gurguje ya yi ta, idonsa na kan hannuna. Ya wanke hannu da ruwan sama, ba sabulu, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya duba ciki da cinya da 'yan jakunkunan kukan da ke gefen maƙogwaro. Na faɗa masa yadda na ukun ya mutu, ban rage komai ba. Ya ce, "Ɗana, ka kawo biyu. Ni ɗaya ma na roƙa."

Ya zagaya da mu bayan gida. Kwamin siminti uku ne ya gina a ɗan lungun da ya kamata a ce wurin shanya ne, kowanne da murfin raga, da kainuwa a saman ruwa, da fasassun tukwane na ɓuya. Duro-duro na ruwan sama a jere. Gyare yake kiwo a kwali da dusa, da tana a tsohon baho, domin burduddugi ba ya cin abin da ba ya motsi. Har gwangwani ya huda ya rataye, in ya cika shi yana ɗiga kamar yayyafi don ya motsa su. Matan biyar suna kwance a gefe, ciki ya yi fam, kowace ta fi tafin hannuna. Ya san su ɗaya-ɗaya. Ya ce tun da ya fara kiwon nan ba a fesa maganin sauro a gidansa, kowa gidan sauro yake shiga.

Na ɗauka a take zai haɗa su. Ya ce haka ya yi bara, wani ya kawo masa kwaɗo daga bakin ruwa ya jefa shi cikin nasa, cikin kwana kaɗan cinyoyinsu suka yi ja suka dinga mutuwa. Yanzu duk baƙo sai ya yi mako biyu shi kaɗai. Wurin da ya fi nisa da kwamin kuwa shi ne ɗakin baƙi, inda za mu kwana. Ya sa su a baho da ɗan ruwa, ya ɗaure raga, ya tura ƙarƙashin gado. Sannan ya rage murya ya ce, "Kar ku yi zancen a tsakar gida. Dama 'yan kartiye, mutanen unguwar nan, suna cewa na zare. In aka ji na kwantar da baƙi da kwaɗi, Tantinku ba ta da fuskar fita." Muka yi dariya muka ce ba mai ji.

Tantin ita ce matarsa, Hajiya Rakiya, haifaffiyar Zongo, mai rumfar atamfa a kasuwar Tokpa. Lokacin da muka iso tana kasuwa. Da ta dawo ta rasa inda za ta sa mu don murna. Shinkafa da wake, soyayyen kifi, ayaba, kunu, tana ɗorawa tana cewa mun rame. Ta tambayi Kawu, "Mutanen naka sun iso?" Ya ce sun iso. Ta ɗauka suna bayan gida tare da sauran, mu kuma ba wanda ya gyara mata.

Gidan sauron ɗakin baƙi ashe ya yage ta gefen taubashina. Da safe ya fito fuska duk ƙuraje, ido ɗaya a kumbure. Tanti ta ajiye butar da ke hannunta ta ce, "Innalillahi! A gidana?" Shi kuma da ba ya barin wasa ya wuce shi ya ce, "Tanti, sauron Kwatano ya fi 'yan kan hanya iya karɓa, su ko kuɗi suke so, wannan jini." Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce me za ta ce wa Yaya, wato mahaifiyata, in muka koma da zazzaɓi. Ranar ba ta fita kasuwa ba.

Bayan azahar Kawu ya ce mu zo mu ga gari. Muka bi ta Tokpa, kasuwar da in ka saki hannun ɗan'uwanka sai a gida, muka gangara Plakoji wajen masunta, inda teku ke cin bakin unguwa. A hanya yana nuna mana gidaje yana cewa nan fadama ce da, nan ma fadama ce, an zuba shara da yashi an yanka fuloti. Ya ce tun da aka dawo mulkin siyasa ya shiga ofis-ofis da zancen kwaɗinsa, kuma ba inda aka kore shi. "Kowa zai ba ka kujera, ya saurare ka da kyau, ya ce dosiyenka, wato takardunka, na nan. Wani ma ya faɗa mini gaskiya, ya ce Malam, kwaɗo ba ya jefa ƙuri'a." Duk da haka ranar yana cikin nishaɗi. Har lissafin inda za a saki 'ya'yan yake yi mana, ya ce gefen da kainuwa ta fi yawa.

Mun dawo gab da magariba. Tun daga zaure warin ya dake mu, warin maganin sauron nan na ruwa da ake sayarwa a 'yan kwalabe. Kawu ya saki ledar da ke hannunsa ya ruga, ban taɓa ganin dattijo ya yi gudu haka ba. Ƙofar ɗakinmu a rufe, an toshe ƙasanta da tsumma, an rufe taga don maganin ya kama. Tanti ta fito daga madafa tana murmushi ta ce, "Yau kam za ku yi barci. Ɗakinsu kawai na sa, Malam, ban je kusa da bayan gida ba."

Kawu ya wuce ta. Ya banke ƙofa ya jawo bahon. Ɗaya ya riga ya sandare. Ɗayan yana karkarwa, wani farin yauƙi ya rufe masa baya, ƙafafunsa suna miƙewa suna dawowa. Kawu ya durƙusa a tsakar gida yana zuba masa ruwan sama, moɗa bayan moɗa, ni ina ɗebowa, taubashina yana zubar da na bahon. Aka kira sallah ba wanda ya motsa. Kafin isha'i ya daina karkarwa a tafin hannun Kawu.

Tanti tana tsaye inda muka bar ta, ludayi a hannu. Da ta gane abin da ya faru ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Shekara nawa sauro ke cin mu a gidan nan ban taɓa fesawa ba? Ni baƙi na gani, Malam. Wa ya ce mini suna ciki? Har ƙarƙashin gadon na sa, don nan sauro ke ɓuya." Sai kuka ya ci ƙarfinta. Kawu ya ɗago ya ce, "Tashi Hajiya. Ni na ce a ɓoye miki." Taubashina ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba. Ni dai haushi ya cika ni, na rasa wanda zan ɗora wa. Tsakaninmu mu huɗu kowa ya sa hannu, kuma ba wanda ya yi nufin sharri.

Na ce zan koma in sake nemo wasu. Kawu ya tambaye ni tsawon lokacin da na ɗauka kafin in sami ukun nan, na faɗa masa, ya girgiza kai. Kwana biyu yana zuwa wajen kwamin ya zauna ya dawo. A rana ta uku ya kira ni ya ce, "Matan nan shekara guda ban ga ciwo a jikinsu ba. Ka mai da su gida. In akwai namiji ɗaya da ya rage a tabkin, zai kira su. A nan ba mai kiran su." Na ce Kawu, ka san abin da ke jiran su a can. Ya ce ya sani, amma a kwaminsa ma mutuwa ce ke jiran su, kuma ba ɗa.

Tanti ce ta nemo babbar tukunya a Tokpa, ta wanke buhunan da ruwan sama da hannunta, ita da a da ko kallon kwamin ba ta son yi. Ta haɗa mana guzuri kamar masu tafiya Makka, ta raka mu tasha, ba ta iya haɗa ido da ni ba. Kawu bai raka mu ba. Mun bar shi yana cire ragar kwamin.

Dawowa ba ni da labarin hanya, don ban ga hanyar ba. Ni da taubashina muka riƙa karɓa-karɓa, tukunya ba ta taɓa ƙasan mota ba ko sau ɗaya. Duka biyar suka iso da rai. Da la'asar sakaliya muka kai su gefen kainuwa, na karkata tukunyar. Suka ɗan tsaya a taɓo kamar ba su gane wurin ba, sannan ɗaya bayan ɗaya suka nutse.

In kun tambaye ni abin da na koyo a tafiyar nan, ba shi da yawa kuma ba shi da daɗi. Abu in aka bari ya ragu har ya shiga tukunya ɗaya, to kuskure ɗaya ya ishe shi, ko da na mai son ka ne. Barcin minti kaɗan a mota, wasan taubashi, kunyar maƙwabta, karamcin baƙo, a da duk ba komai ba ne, lokacin da tabki ke cike. Wajen tabkin ya kamata mu tsaya tun farko.

Muna zaune a bakin ruwan sai ga mutumin da ya sayar mini da mazan nan uku, da fitila a goshi da buhu a kafaɗa. Ya ce, "Malam, sannu da hanya. An ce manya ka kawo, masu ƙwai." Na ce wa ya faɗa maka? Ya ce a tasha ya ji. Na roƙe shi don Allah ya bar gefen nan damina ɗaya tak. Ya sauke buhun ya ce, "Ni zan bari, Malam, don girmanka. Amma ba ni kaɗai ke da fitila a garin nan ba, kuma gero bai nuna ba."

Tun daga ranar kullum bayan magariba ina bakin tabki. Ƙananan kwaɗi suna ta kukansu, amma babbar muryar nan mai kauri ban ji ta ba tukuna. Kawu yana kira daidai lokacin. Ya daina tambayata ko na ji, don ya san ba zan iya yi masa ƙarya ba. Cewa yake in juya wayar wajen ruwa. In juya, mu yi shiru mu biyu, shi a Zongo ni a nan, har kuɗin wayarsa su ƙare.